Na Ce Ina Kallon Allo

Talata, da yamma

Yanzu na dawo daga asibiti. Hannun dama ne, daga gwiwar hannu har tsintsiya. Likita ya ce yatsun za su yi aiki, amma tabon ya zauna kenan. Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Uwarta ce ta yi ta rusa kuka tana tambayata, "Malama, kina ina? Kina ina asid ya zube wa 'yata?" Na ce ina cikin ajin. Wannan dai gaskiya na faɗa.

Jiya abin ya faru, a ɗakin gwaje-gwaje, ana tsakiyar darasina na kemistiri da 'yan aji biyar. Ni na ja ta zuwa famfo, ni na riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa har mota ta zo. Sai yabo nake sha. Malamin lissafi har cewa ya yi ba don ni ba da yarinyar ta rasa hannun. Na ce masa yin Allah ne.

Su huɗu ne a teburin: wadda ta ƙone, da ɗan Ciyaman, da abokinsa, da Dakta.

Na kasa cin abinci.

Laraba, da safe, a cikin mota

Na sauke Dakta a kwanar gidan mai kamar kullum, ta ƙarasa da ƙafa.

Bari in rubuta in ga yadda yake a rubuce. Dakta 'yar Yayana ce, ubanta da ni ciki ɗaya muka fito, kuma babu wanda ya san haka a makarantar nan. Kowace shekara makaranta takan ɗauki 'yan yara kaɗan na talakawa kyauta, a ɗauke su hoto a manna a bakin ofis. Amma dangin ma'aikata ba sa cikin tsarin. Ita ta rubuta jarrabawar da kanta, ita ta zo ta ɗaya. Ni nawa shiru ne kawai. Gidan Yaya da nisa, shi ya sa take kwana wurina ranakun makaranta. A mota ni Gwaggo ce, daga kwanar gidan mai zuwa ciki kuma Malama. Ubanta ne ya laƙa mata Dakta tun tana rarrafe, wai ita za ta riƙa duba masa ido in walda ta gama cinye shi.

Kafin ta sauka ta ce, "Gwaggo, ke ai kin gani ko?"

Na ce ta yi sauri, mun tare wa mutane hanya.

Laraba, bayan an tashi

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Da hannunta ta haɗa mini shayi, abin da ba ta taɓa yi ba tunda na fara aiki a nan. Ta tambayi yarana biyu da ke ɓangaren firamare, ta ce ƙaramin akwai baki, ranar nan ya tare ta a hanya yana tambayar me ya sa takalminta ke ƙara. Muka yi dariya. Ta ce shugaban sashen kimiyya zai yi ritaya ƙarshen zangon nan, ita kuma ba ta son kawo baƙo alhali ga na gida.

Sannan ta ce, "Yaran nan biyu, ɗan Ciyaman da abokinsa, sun ce yarinyar gurbin kyauta ce ta ture kwalbar da gwiwar hannu. Ke kuma na san a lokacin kina rubutu a allo. Ko ba haka ba?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ambaci aikina ba, ba ta ce yarana albarkacin aikina suke karatu a nan ba. Ba sai ta faɗa ba. Ta tagar ofishinta ana hango ɗakin gwaje-gwajen, da sunan Ciyaman a saman ƙofa, don shi ya gina shi, shi ne kuma shugaban hukumar makarantar.

Na shanye shayin tas. Har godiya na yi.

Alhamis, da rana

Gobe kwamitin ladabtarwa zai zauna. Na koyar da darasi uku, ban san me na faɗa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Sun zauna su biyar a ɗakin taro, sanyin na'ura kamar ya tsaga ƙashi. Aka fara shigo da ɗan Ciyaman. Turanci a bakinsa kamar ruwa, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya ce bai zargi kowa ba, kuskure ne, kowa yana iya yinsa. Wata a cikin kwamitin har tana gyaɗa kai. Abokinsa ya maimaita, kusan kalma da kalma.

Aka shigo da Dakta. Yarinyar da ke cinye muhawara, yau murya ta ƙi fita. Ta ce ba ita ba ce. Aka ce to wane ne? Ta faɗa. Mataimakin Shugaba ya ce ta yi hankali da bakinta, a nan an yi mata gata, ba a ɗauko ta don ta zo ta ɓata sunan mutane ba. Sai ta ce, "Malama tana wurin." Ta juyo ta dube ni.

Aka ce, "Malama, kin ga lokacin da kwalbar ta zube?"

Na ce ina kallon allo.

Haka na ce. Ina kallon allo. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

An dakatar da ita sai an yanke hukunci. Ban same ta a kwanar gidan mai ba. Ta hau motar haya ta wuce gidan ubanta.

Asabar, da hantsi

Na gaya wa Baban yara. Ba duka ba, amma ya gane. Yana wanke mota a tsakar gida, ya kashe famfo ya tsaya da soso a hannu.

Ya ce, "Ke kika zuba mata?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To. In kika buɗe baki wa zai yarda da ke? Kafin a tashi aiki sun tono cewa 'yar wanki ce. Sai su ce kin yi ƙarya kin shigo da ita, yanzu kuma kina ƙarya don ki fitar da ita. A kore ki, a kore ta, a koro mana yara. Ki gaya mini wa aka taimaka."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ba cewa na yi daidai ba ne. Cewa na yi haka abin yake." Ya kunna famfonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji da ya faɗi haka. Jira nake wani ya faɗa.

Lahadi, da yamma

Inna ta kira. Ta ce ta ji an samu 'yar matsala a makaranta, amma hankalinta a kwance yake tunda ina wurin. Ta ce, "Ai shi ya sa aka yi miki karatun, don irin wannan ranar." Ta yi ta sa mini albarka har katinta ya ƙare.

Aka yi mini karatun. Haka ake faɗa a gidanmu, kuma haka ne. Lokacin da Baba ya rasu Yaya yana aji biyu na sakandare, ni ina firamare. Ɗayanmu ne zai iya ci gaba. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba, shi ke yi mini lissafi a bayan kwali. Babu wanda ya ce ya bari. Wata safiya kawai muka ga bai sa kayan makaranta ba, ya bi maƙwabcinmu mai walda. Wandon makarantar ma da shi ya fara zuwa aiki, har tartsatsi ya huda shi ko'ina. Da na gama jami'a ya zo bikin yaye mu, ya tsaya can baya wajen masu ɗaukar hoto, ya ce kada ya ɓata mini hoto da jajayen idanunsa. Na yi dariya a lokacin. Ban ja shi gaba ba.

Litinin, da safe

Na rage gudu a kwanar gidan mai, har na kunna sigina. Babu kowa a kujerar.

Litinin, bayan an tashi

Ina da 'yan aji biyar yau. Kujeru biyu babu kowa. Ɗan Ciyaman ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi littattafan hannuna ya kai tebur. A farkon darasi ya ƙi haɗa ido da ni. Kafin a buga ƙararrawa ya saki jiki, har yana ɗaga hannu.

Yaro ne. Ina ta gaya wa kaina yaro ne, shekararsa sha shida, wasa yake yi. Ba mugu ba ne, na sani, na ga yadda fuskarsa ta koma ranar. Amma yau ya koyi wani abu a ajina wanda ba ya cikin manhaja, kuma ni na koya masa.

Hannun da na gani riƙe da kwalbar, yana lilo da ita a kan littafin yarinyar don ya tsorata ta, yana ɗaure da agogo. Dakta ba ta taɓa mallakar agogo ba.

Na rubuta. Ba zan sake rubutawa ba.

Talata

Ciwon kai. Na ce wa yara su yi karatu da kansu.

Laraba, da yamma

Yaya ya zo makaranta.

Ban san zai zo ba. Ina ofishin malamai masinja ya ce Shugaba tana nemana, uban yarinyar nan ya zo, kuma ba ya jin turanci sosai, ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba.

Na same shi tsaye a bakin kafet, bai taka ba. Ya sa farin yadin nan nasa na zuwa taro, an goge shi har yana ƙyalli, ga layin ninki a kafaɗa. Ya wanke hannu, na san da omo da soso ya dirje su, amma baƙin da ke gefen farce ba ya fita. Ga kujeru biyu a gaban tebur, ba a ce ya zauna ba, shi ma bai nema ba.

Da na shigo ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Malama."

Mutumin da ya goya ni. Na ce, "Yauwa, sannu."

Shugaba ta ce in gaya masa kwamiti ya gama aikinsa, makaranta ba za ta iya ci gaba da riƙe yarinyar ba. Ta ce a yi godiya ma iyayen wadda ta ƙone ba su kai maganar wurin 'yan sanda ba. Na juya na faɗa masa da Hausa. Na nemi kalmomi masu laushi, babu.

Ya ce, "Malama, ki gaya mata yarinya ce mai hankali. Tunda take ba a taɓa kawo mini ƙararta ba. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta gama. In hukunci ne a yi mata kowane iri, ta yi shara, ta wanke banɗaki. In akwai aikin ƙarfe a makarantar nan, ƙofa ko taga, ni zan yi, ba na son komai. A bar ta ta rubuta jarrabawa kawai."

Na mayar da turanci. Turancina mai kyau, wanda shi ya saya mini. Na ji bakina yana cewa "wannan mutumin yana roƙo".

Shugaba ta ce ta tausaya, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Sai ya durƙusa. Gwiwa biyu, a kan tayil, da farin yadin. Ya ɗaga hannuwa. Bai ce komai ba, don haka babu abin da zan fassara. Na tsaya da hannuna a baya ina kallon kalandar bango. Shugaba ta ce, "Don Allah ki ce ya tashi, ba na son irin wannan." Na ce, "Ta ce ka tashi."

Ya dafa ƙasa ya tashi, gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara. Ya ce, "Na gode. Malama, na gode, Allah ya saka." Ya fita da baya-baya har ƙofa.

Shugaba ta sauke numfashi ta ce, "Mutanen nan suna ba ni tausayi. Shi ya sa nake cewa tsarin nan na kyauta sai an sake duba shi, ana ɗauko yara a sa su inda ba za su iya ba." Ta dube ni tana jiran amsa.

Na ce haka ne.

Alhamis, da asuba

Na ce haka ne. Na ce haka ne.

Juma'a, da yamma

Na koma asibiti da lemo da ayaba. Yarinyar ta samu sauƙi, tana koyon riƙe cokali da hagu, tana yi wa kanta dariya. Uwar ta rungume ni, ta ce ta ji an kori wadda ta yi, yanzu ta samu barci.

Da uwar ta juya tana zuba ruwa, yarinyar ta ce a hankali, "Malama, ni ban gani ba, na juya ina ɗauko biro. Amma ita a haguna take zaune. Ta dama abin ya zubo."

Uwar ta ajiye kofin da ƙarfi. Ta ce, "Ba na hana ki wannan maganar ba? Makaranta ta bincika ta gama. Kin fi su sani ne?" Sannan ta dube ni, ni ma na dube ta. Mijinta a kamfanin Ciyaman yake aiki, kuma na ji an ce Ciyaman ne ya ɗauki nauyin jinyar, saboda kirki.

Muka yi sallama cikin mutunci, kamar mata biyu da suka haɗu a wurin da bai kamata a gan su ba.

Asabar, da rana

Dakta ta zo kwashe kayanta. Yarana suka ruga suka maƙale ta, ƙaramin yana tambayar yaushe za ta dawo ta ƙarasa masa labarin da ta fara. Ta ce sai ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Ya ce to ai ba za ta dawo ba kenan. Duk aka yi dariya, har ita.

Na bi ta ɗaki. Tana ninke kaya a kan gado. Kayan makarantar ta ware su gefe, riga uku da siket da jaket mai tambari, ta ce in ba wani, ai da sauransu. Littattafan ta zuba a jaka, jakar ta ƙi rufuwa, ta zauna a kai ta ja zif.

Na ce, "Ki tsaya ki ci abinci."

Ta ce ta ƙoshi.

Na ce, "Za a san yadda za a yi. Akwai makarantu."

Ta ce, "E, akwai."

Na ce, "Dakta."

Sai ta ɗago. Ba kuka take ba, da kuka take da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Gwaggo, ba sai kin ce komai ba. Abu ɗaya ne kawai. Da na ce musu kina wurin, ba don in tona miki asiri na faɗa ba. Na ɗauka shi kenan an gama, tunda ke ce."

Na ce zan kai ta a mota. Ta ce jakar ba nauyi. Jakar da nauyi, na ga yadda kafaɗarta ta karkace har ta sha kwana.

Lahadi

Ban fita ba. Inna ta kira sau biyu, na bar wayar tana ta ruri.

Litinin, bayan an tashi

Na je. Tun a mota nake bitar abin da zan faɗa, kamar mai haddar darasi. Na ƙwanƙwasa, na shiga, ban zauna ba. Na ce wa Shugaba akwai gyara a maganar da na yi gaban kwamiti. Na ce ba allo nake kallo ba.

Ta cire tabarau ta goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Zauna." Na zauna.

Ta ce, "Kin gaji. Abin nan ya taɓa mu duka. Ni ban ji abin da kika ce yanzu ba, kuma don ke ban ji ba. In na ji, to malama ta yi ƙarya gaban kwamiti kenan, dole in kai sama. Yarinyar kuma ba za ta dawo ba ko da me, an riga an ba wani gurbinta." Ta mayar da tabarau. "Af, ranar nan na lura kuna kama da mutumin nan mai walda. Ta wajen goshi. Ko idona ne?"

Na ce mutane suna kama.

Ta ce, "Haka ne, suna kama." Ta yi murmushi. Ta tambaya ko na gama haɗa tambayoyin jarrabawa.

Jarumtata kenan gaba ɗaya. Ko shayi bai isa ya huce ba a tsawonta.

Laraba, da yamma

Na tafi shagon Yaya daga makaranta. Na yi fakin nesa, na taka. Yana tsugune yana haɗa ƙofar gida, ya sa baƙin gilashin nan da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Dakta tana ciki a kan benci da littafi a cinya, ta toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ƙarar janareta. Ta gaishe ni, ta mayar da kai.

Ya kashe injin ya ce, "A'a, 'yar boko, yau ke ce a shagonmu? Kada ki zauna nan, zai ɓata miki kaya." Ya shimfiɗa kwali a kan kujera.

Na ce, "Yaya, akwai maganar da ban gaya maka ba."

Ya ce, "Ta kwalba? Ta gaya mini tun ranar da ta dawo."

Na ce, "Ka sani ka zo ofishin nan? Ka sani ka ce mini na gode?"

Ya ce, "To me zan ce? In ce ƙanwata ce, su kore ta ita ma?" Ya cire gilashin, idanun jajir, suna ruwa kamar kullum. "Ni na ce wa yarinyar nan kada ta sake ambaton sunanki. Mutum ɗaya muke da shi a ciki, ke. In aka fitar da ke, duk zaman da na yi a gaban wutar nan ya tashi a banza kenan. Yaranki kuma fa? Su ma nawa ne."

Na ce, "Ita fa?"

Ya ɗauki guntun ƙarfe ya jujjuya ya ajiye. Ya ce, "Tana da kai. Mai kai ko'ina aka ajiye shi zai yi."

Shi ma yana da kai. Ban faɗa ba. Shi ma ya san abin da ban faɗa ba, don bai ƙara kallona ba.

Na so ya zage ni. Wallahi da zagi na zo nema, ko mari. Sai ya aika a sayo mini ruwan sanyi. Dakta tana jin mu duk, ba ta juya shafi ko ɗaya ba har na tafi.

Juma'a, da rana

An sanar a taron malamai: ni ce sabuwar shugabar sashen kimiyya daga zango mai zuwa. Aka yi tafi. Aka ce in tashi a gan ni, na tashi. Malamin lissafi ya ce sai na yi musu walima, ba zai yarda da biskit ba.

Ofishin yana da taga, da mukullinsa.

Asabar

Baban yara ya sayo kaza don murna. Yara sun ci sun yi ta tsalle. Na ce cikina ne.

Litinin, da yamma

Yaya ya samar mata wuri a makarantar gwamnati ta unguwarsu. Na ce ni zan kai ta ranar farko, tunda ba ni da darasi sai bayan tara. Ya ce ba sai na wahala ba. Na ce zan zo. Ta shiga motar ta zauna a baya.

Irin makarantar da na yi ce, har warin iri ɗaya, ƙura da alli da fitsarin bayan aji. Na tambayi ɗakin gwaje-gwaje, wani malami ya nuna mini ƙofa da kwaɗo ya yi tsatsa, ya ce kujerun da suka karye ake tarawa a ciki. Ajin nata ya cika har taga, benci na mutum uku mutum biyar ne a kai, wasu a ƙasa sun shimfiɗa kwali. Wata doguwar yarinya ta matsa ta ba ta gefen benci, rabin zama.

Malamin ajin dattijo ne, muryarsa ta dushe. Ya duba takardarta ya ɗaga gira. Ya ce, "Daga waccan makarantar? Ke kuwa me ya rabo ki da can kika zo nan?"

Ta miƙe. Ta ce, "Korata aka yi. Na ƙona wata da asid."

Ajin ya ɗauki "kai!" Wani daga baya ya ce a matsa mata kada ta narkar da mutane, aka fashe da dariya. Ta faɗe shi sumul, kamar sunanta take faɗa.

Ina bakin ƙofa. Ban san lokacin da na shiga ba. Na ce, "Ba ita ba ce." Hayaniya ta hana a ji, na ɗaga murya irin ta aji. Na ce, "Ba ita ba ce ta zubar. Ni ce malamar, ina wurin, na ga wanda ya yi da idona. 'Yar wana ce, ba ta yi komai ba."

Yara kusan ɗari suna kallon wata mata mai jaka da takalmi mai tsini tana haki. Malamin ya ce, "To, madalla. Allah ya kyauta." Ya duba allinsa, guntu ne. Ya ce, "Hajiya, in ba damuwa ki ɗan matsa daga ƙofa, ta nan haske ke shigowa."

Na matsa. A duk garin nan na samu ɗaki ɗaya da faɗin gaskiya ba zai ci mini komai ba, a nan na faɗe ta, da ƙarfi kuwa.

Na tsaya ta taga. Dakta ta zauna a rabin bencinta, ta ciro littafi ta ɗora a gwiwa, don babu tebur. Ta ga har yanzu ina nan. Ta dube ni, ba fushi, ba komai. Ta ce, "Gwaggo, ki tafi, za ki makara."

Ban makara ba.